Gora: Asalinta, rabe-rabenta da dalilin da sanin jinsinta ke da muhimmanci a Funtua da Malumfashi

Wanda ya ratsa unguwannin da ake sabbin gine-gine a Funtua ko Malumfashi zai ga dogayen sanduna a jere suna tallafe da dekin da bai gama bushewa ba. Magina gora suke ce musu. Haka kuma gora ake ce wa sandar da 'yan kato-da-gora ke saɓawa da dare, da wadda ake ɗaure tsaikon ɗakin ciyawa da ita a ƙauye. Suna ɗaya ne a baki, amma a wurin masana tsirrai waɗannan sanduna sukan fito daga jinsi daban-daban, kuma kowane jinsi yana da irin ƙasar da yake so da yawan ruwan da yake bukata.

Bambancin ya wuce zancen littafi. A wannan lokaci da ake ta maganar dasa gora don tare zaizayar ƙasa da rage sare itatuwa a Arewa, manomin da ya sayi dashen da bai dace da ƙasarsa ba zai yi shekara uku ko huɗu yana wahala kafin ya gane ya yi asara.

Kalmar a bakin Bahaushe

A rubuce, kalmar gora tana da ma'ana biyu. Akwai goran duma da ake zuba ruwa ko nono, wanda jam'insa goruna ne, kuma ba shi da dangantaka da tsiron da ake magana a kai. Akwai kuma gora ta sanda. Daga wannan ta biyu aka samu kalmar jagora, wato mai jan gorar makaho yana nuna masa hanya, wadda ta bunƙasa har ta haifi jagoranci. Kalmar da ta shiga harshe har ta zama sunan shugabanci ba baƙuwa ba ce, kuma hakan na nuna daɗewar tsiron a hannun Hausawa.

Ana yawan haɗa gora da gwangwala, alhali ba danginsu ɗaya ba. Gwangwala reshen tukurwa ce, ita kuwa tukurwa 'yar'uwar giginya da goruba da kwakwa ce. Gwangwala ba ta da gaɓoɓi, cikinta kuma taushi gare shi kamar totuwa. Gora tana da gaɓa-gaɓa irin na kara.

Likitan nan ɗan ƙasar Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a zamanin mulkin mallaka, ya fitar da kundin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sannan ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Tun daga wancan lokaci rubuce-rubucen masana suka haɗa gorar ƙasar Hausa da sunan kimiyya guda: Oxytenanthera abyssinica.

Ciyawa ce, komai tsayinta

Gora tana cikin dangin ciyayi da ake kira Poaceae, dangin da ya ƙunshi dawa, gero, masara, shinkafa, alkama, rake da gamba. Manomin da ya dube ta da kyau zai ga alamun: kara mai gaɓoɓi, ganye mai jijiyoyi a miƙe, kube da ke rungume karan a kowace gaɓa, da ƙwaya irin ta hatsi.

A cikin wannan babban dangi, gora tana da reshenta da ake kira Bambusoideae, mai jinsi fiye da 1,600 a duniya. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa wannan reshe ya fi kusa da shinkafa da alkama a kan dawa, gero, masara da rake, duk da cewa a ido gora ta fi kama da rake.

Masana sun raba reshen zuwa zuriya uku. Ta farko, Bambuseae, ita ce ta gorori masu ƙarfin itace na ƙasashe masu zafi, kuma gorar ƙasar Hausa tana cikinta. Ta biyu, Arundinarieae, ita ce ta gororin wurare masu sanyi, kamar Sin da Japan da kan manyan tsaunukan Afirka. Ta uku, Olyreae, ƙananan tsirrai ne masu laushi da ke tsirowa a inuwar kurmi, waɗanda ba a sare su don sanda.

Kasancewarta ciyawa shi ke bayyana yadda take girma. Bishiya tana ƙara kauri kowace shekara, amma sandar gora ba ta yin haka. Da kaurin da ta ɓullo daga ƙasa, da shi za ta mutu. Tsiro yakan fito da damina ya kai iyakar tsayinsa cikin 'yan watanni, sannan ya shafe shekaru kusan uku yana ƙara tauri. Wanda ya bar siririyar sanda da fatan za ta yi ƙiba baɗi yana jiran abin da ba zai zo ba. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙarfin gindin, wanda ke fitar da sanduna mafi kauri a shekarun da ke biye.

Yadda aka raɗa mata suna

Sunan kimiyyar gora ya faro daga Habasha. Tsakanin 1839 da 1843 wata tawagar Faransawa ta zagaya ƙasar, a cikinta akwai masu tattara tsirrai biyu, Quartin-Dillon da Antoine Petit. Masanin tsirrai Achille Richard ne ya yi nazarin abin da suka tara a birnin Faris, kuma a 1850 ya bayyana wannan gora da sunan Bambusa abyssinica. Kashi na biyu na sunan yana nufin ta ƙasar Habasha.

A 1868 William Munro, hafsan sojan Birtaniya wanda ya shahara da nazarin ciyayi, ya wallafa babban aikinsa kan gorori a Landan. Ya ga cewa furen wannan gora ya bambanta da na gidan Bambusa: sassan namiji guda shida da ke ɗauke da garin barbara a haɗe suke daga ƙasa kamar bututu, kuma kan kowanne yana da tsini. Sai ya buɗe sabon gida ya kira shi Oxytenanthera, daga kalmomin Girkanci masu nuni ga wannan tsini.

Munro da waɗanda suka biyo bayansa sun saka wasu gororin Asiya a wannan gida. Daga baya aka kwashe su zuwa wasu gidaje, kamar Gigantochloa da Pseudoxytenanthera. An kuma taɓa ba wasu gororin Afirka sunaye na daban, irin su Oxytenanthera braunii da Oxytenanthera borzii, kafin a tabbatar cewa duk abu ɗaya ne. A yau gidan Oxytenanthera jinsi ɗaya tak gare shi, kuma Afirka ce mahaifarsa.

Siffofinta

Gorar ƙasar Hausa tana tsirowa cunkus a wuri guda. A ƙarƙashin ƙasa tana da gajeren kara mai kauri, kamar na citta, wanda ke lanƙwasowa sama ya zama sanda, sannan ya fitar da wani kusa da shi. Shi ya sa gindin ke faɗaɗa a hankali ba tare da ya bazu cikin gonar maƙwabci ba. Wasu gororin ƙasashen sanyi suna da karan da ke gudu mita da yawa a ƙarƙashin ƙasa, kuma su ne suka ja wa gora baƙin jini a lambunan Turai da Amurka.

Sandar takan kai tsayin mita 5 zuwa 10, wani lokaci ta wuce haka inda ƙasa ke da danshi, kaurinta kuma ba kasafai yake wuce santimita 10 ba. Babbar alamarta ita ce cikinta. Yawancin gorori rami ne a ciki, amma wannan a cike take, ko kuma ramin ya zama ɗan ƙanƙani, musamman daga gindi. Wannan ne ya sa take da nauyi a hannu, ya kuma sa ta dace da sanda, baka da ƙotar mashi.

Sabon tsiro yana fitowa lulluɓe da kube mai baƙin gashi mai ƙaiƙayi. Sabuwar sanda launinta kore ne mai ratsin shuɗi-shuɗi, idan ta tsufa sai ta koma ruwan ɗorawa. Ganyen siriri ne mai tsini, tsawonsa yakan kai santimita 25. Furen yana fitowa a dunƙule kamar ƙwallo mai ƙayoyi, ƙwayar kuma doguwa ce siririya, ta fi ta shinkafa tsawo.

Da rani mai tsanani takan zubar da ganye ta yi kamar ta mutu, da saukar ruwa kuma ta sake toho. Ko gobarar daji ta cinye sandunan, gindin da ke ƙarƙashin ƙasa yakan tsira. Waɗannan halaye biyu ne suka ba ta damar yaɗuwa daga Senegal zuwa Habasha da Eritiriya, daga can kuma zuwa kudu har Angola, Zimbabuwe, Mozambik da arewacin Afirka ta Kudu. Ana samunta a gefen rafuka, a kwaruruka da gangaren duwatsu, daga ƙasa-ƙasa har tudun da ya kai kimanin mita 2,000. Tana iya rayuwa inda ruwan shekara bai wuce milimita 700 zuwa 800 ba.

Gorar tsauni da gorar kudu

Akwai wasu gorori biyu da ya kamata mai karatu ya iya bambanta su da ta gida.

Ta farko ita ce gorar tsaunukan Afirka, wadda ke yin kurmi a tudun da ya kai mita 2,200 zuwa sama da 3,000. Ana samunta a Dutsen Kenya, tsaunukan Abadeya, Dutsen Elgon, Ruwenzori, Birunga da tuddan Habasha. Kusa da Nijeriya kuwa, tana kan Dutsen Oku a arewa maso yammacin Kamaru. Cikinta rami ne, sandunanta suna fitowa a ɗan warwatse, kuma tana bukatar sanyi, hazo da ruwa mai yawa. Gwaggon birin tsaunin Birunga yana cin sabon tsironta, mutanen Bagisu na gefen Dutsen Elgon a Yuganda kuma suna ƙyafe tsiron su yi abincin da suke kira malewa.

Tarihin sunanta ya nuna yadda rabe-raben tsirrai ke sauyawa. Bajamushe Karl Schumann ya kira ta Arundinaria alpina a 1895. A 1974 aka mayar da ita gidan Yushania, a 1989 kuma gidan Sinarundinaria, duk saboda kamar da take yi da gororin Asiya. Da binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ba ta zauna daidai a waɗannan gidaje ba, sai Chris Stapleton ya buɗe mata gida nata a 2013 mai suna Oldeania, daga sunan da Masai ke kiran gora, wanda kuma wani dutse a arewacin Tanzaniya ke ɗauke da shi. Sunanta a yau Oldeania alpina. Tana cikin zuriyar gororin sanyi, saboda haka ta fi kusa da gororin tsaunukan Asiya a kan gorar ƙasar Hausa da suke nahiya ɗaya. Funtua tana kan tudun da bai wuce kimanin mita 700 ba, zafin bazararta kuma ya fi ƙarfin wannan gora.

Ta biyu ita ce Bambusa vulgaris, wadda asalinta Asiya ne amma ta daɗe da zama 'yar gida a kudancin Nijeriya. Ta fi ta Arewa tsayi, tana kaiwa mita 15 zuwa 20, cikinta rami ne sosai, jikinta sumul mai sheƙi. Akwai nau'inta mai launin ɗorawa da ratsin kore da ake dasawa don ado. Dogayen sandunan da manyan motoci ke kawowa kasuwannin katako na Arewa don tallafe dekin da kafa matakalar magina galibi wannan jinsi ne. Tana kamawa cikin sauƙi idan aka binne yankin sandarta, amma tana son danshi, kuma a Arewa sai a fadama ko inda ake ban-ruwa take yin kyau.

Hanya mafi sauƙi ta bambancewa ita ce a duba bakin sandar da aka sare. Idan ramin ya yi faɗi, to ta kudu ce. Idan a cike take ko ramin ya tsuke, to ta gida ce.

Fure sau ɗaya, sai mutuwa

Abin da ya fi ba masana mamaki game da gora shi ne furenta. Gindi yakan yi shekaru masu yawa ba tare da fure ba. Idan lokaci ya yi, gindaye da dama a yanki guda sukan yi fure tare, su zubar da iri, sannan su bushe. Oxytenanthera abyssinica tana yin wannan fure na gayya, tana kuma yin na ɗaiɗaiku, inda gindi ɗaya ko biyu kawai za su yi. Tazarar da aka lissafa tsakanin fure da fure ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Habasha ta ɗanɗana sakamakon haka. An daɗe ana kiyasta cewa ƙasar tana da kusan hekta miliyan 1 na gora, kimanin kashi 85 cikin 100 kuma wannan jinsi ne, galibi a yankin Benishangul-Gumuz da ke iyaka da Sudan. A shekarun da suka biyo bayan 2000 manyan dazuzzukan gorar yankin sun yi fure sun mutu. Inda aka kare filin, sabon tsiro ya fito daga irin da ya zuba. Inda wuta, dabbobi da garma suka riga shi, dajin bai dawo ba.

A jihar Mizoram ta Indiya, wani jinsi mai suna Melocanna baccifera yana fure duk bayan kimanin shekara 48. Yawan irin da yake zubarwa yana sa ɓeraye su hayayyafa, idan irin ya ƙare sai su afka wa gonaki da rumbuna. Hakan ya jawo yunwa a 1959, kuma furen ya sake dawowa wajen 2006 zuwa 2007.

Darasin da ke nan ga mai dasawa a bayyane yake. Dashen da aka ɓantaro daga gindi ɗaya yana ɗauke da shekarun uwarsa, kuma tare za su yi fure su mutu. Gonar da aka cika da 'ya'yan gindi guda za ta iya bushewa a shekara ɗaya.

Kudancin Katsina

Yankin Funtua, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Kafur da Malumfashi shi ne mafi samun ruwa a Jihar Katsina. Damina takan kama daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, ruwan shekara kuma yakan kai kimanin milimita 1,000, yana raguwa idan aka nausa arewa. A wannan tudu ne Gulbin Sakkwato ya samo asali, kusa da Funtua. Yanayin da irin ƙasar sun yi daidai da abin da gorar gida ke bukata, musamman a bakin rafuka da gindin duwatsu.

Sai dai wannan yanki ne kuma cibiyar noman masara, dawa, auduga, waken suya, tumatir da rake. Gonaki sun matso har gaɓar rafi, kuma wuraren da gora ta fi so su ne masu noman rani ke nema. Sabon tsiro abinci ne mai daɗi ga shanu da awaki, kuma gindin da aka cinye wa tsiro shekara biyu ko uku a jere yakan raunana. Dazuzzukan da suka rage a yamma, irin su Kogo da ke cikin gandayen daji goma da gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga zuwa matsayin gandun daji na ƙasa a 2020, suna cikin wuraren da matsalar 'yan bindiga ta hana manoma da ma'aikatan daji shiga.

Amfanin gora a ƙasar Hausa tsoho ne. Da ita ake yin tsaiko, rumfa, shinge, tsani, gado, sandar kiwo da sandar tsinko mangwaro. Dabbobi suna cin ganyenta, kuma a sassa da dama na Afirka an ci ƙwayarta a shekarun yunwa. A kudancin Tanzaniya, wajen Iringa, ana tatsar ruwan sabon tsironta a yi abin sha da ake kira ulanzi. Ana cin tsiron gora a ƙasashe da yawa, amma ɗanyensa yana ɗauke da guba irin ta rogo mai ɗaci, sai an tafasa shi sosai an zubar da ruwan.

Ga yankin da ke fama da zaizayar ƙasa da ƙarancin itacen girki, abu biyu ne suka ja hankalin masana zuwa gare ta. Saiwoyinta sirara ne masu yawa da ke saƙa ƙasar sama su riƙe ta, abin da ke da amfani a bakin kwazazzabo. Sannan sare sanda ba ya kashe gindin, don haka ana iya girbi kowace shekara, a yi itace ko gawayi, ba tare da sake dasawa ba. Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, tana kuma cikin jihohin Arewa 19 da ke cin gajiyar shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a watan Disamba na 2021. Nijeriya kuma mamba ce a INBAR, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da harkar gora, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Beijin. Duk shirin da zai raba dashen gora a wannan yanki, tambayar farko da ta kamata a yi masa ita ce wane jinsi ne, kuma daga ina aka samo shi.

Dasawa, girbi da adanawa

Gorar gida ba ta saurin kamawa daga yankin sanda kamar ta kudu. An fi samun nasara da iri, ko kuma a ɓantaro sanda mai shekara ɗaya zuwa biyu tare da gindinta da saiwoyinta, a dasa da farkon damina. Irin ba ya daɗewa, yakan mutu cikin 'yan watanni idan ba a ajiye shi a wuri mai sanyi da bushewa ba. Ya fi kyau a haɗo dashe daga wurare daban-daban saboda matsalar fure. Ana barin tazarar mita 4 zuwa 5 tsakanin gindi da gindi, a kange dabbobi, a kuma share kewaye kafin lokacin gobarar daji. Ba ta son ƙasar da ruwa ke kwanciya na dogon lokaci.

Girbi yakan fara bayan shekara uku zuwa huɗu. Ana sare sandunan da suka kai shekara uku, waɗanda galibi ke tsakiyar gindin, a bar sabbin da ke gefe domin su ne ke ciyar da tsiron baɗi. Ana yin saran daf da saman gaɓa ta farko ko ta biyu, don kada ruwa ya taru a kututturen ya ruɓar da shi.

Babban abokin gabar sandar gora shi ne ɗan ƙaramin ƙwaron da ke huda ta yana zubo da gari, sai kuma gara. Abin da ke jawo ƙwaron shi ne sitacin da ke cikin sandar. Saboda haka an fi son a sare da rani, a jiƙa sandunan a ruwa na 'yan makonni, ko a ɗora su inda hayaƙi ke bugunsu, kamar yadda tsaikon ɗakin girki ke daɗewa fiye da na ɗakin kwana. Masu sana'ar zamani suna jiƙa su a ruwan sinadarin boraks.

Wanda ke son tabbatar da jinsin gorar da ke gonarsa ko wadda aka kawo masa zai iya kai samfuri ɗakin adana tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko tashar binciken gandun daji ta Samaru da ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya mai hedikwata a Ibadan. Samfurin da ke da amfani ya ƙunshi yankin sanda mai gaɓa biyu, reshe da ganyensa, da kuben sabon tsiro. Idan an yi sa'a gindin yana fure, a haɗa da furen, a kuma rubuta wuri da kwanan wata, domin da irin wannan rubutu ne ake gane shekarar da gorar wani yanki za ta sake fure.